Filin Jirgin Gusau Da Batun Kayan Gyara

A shekarar 2024 ne Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama a Gusau, abin da ya faranta ran maniyyatan Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda suka daɗe suna tafiya Sakkwato kafin su tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki. To, amma samun fili ba shi ne samun jirgi mai lafiya ba, lafiyar jirgi kuwa tana ga kayan gyaran da aka tanada a sito.

Kamfanin Nigeria Airways ya isa misali. A shekarun 1980 ya tara jirage iri-iri, Boeing 707 da 737, DC-10, Airbus A310 da Fokker F28, kowanne da nasa kayan gyara, kuma duk da kuɗin ƙasashen waje ake sayensu. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai aka koma kwance sassan jirgin da ke ajiye ana ɗaura wa mai tashi. Wanda aka kwance kuwa ba safai yake komawa sama ba. Kafin a rushe kamfanin a 2003, jiragensa masu aiki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Jibge kaya barkatai shi ma hasara ce, domin batura da robobin toshe mai suna da wa'adi, in ya cika suna kan kanta sai zubarwa. In kuma ƙaramin abu ya yanke, sai jirgi ya kwana a ƙasa, a yi odar gaggawa daga Turai da ɗan karen tsada. Magani shi ne rajista, watau a san lambar kowane sashe, da awowin da ya yi yana aiki, da ranar mai da shi gyara.

Sakacin yana shafar ƙasa ma. Matattun jirage sun yi shekaru yashe a filayen Kano da Ikko, ga ragowar mai ga batura masu guba, har Hukumar FAAN ta shiga kwashe su a 2013. Mutanen Anka da Bukkuyum, inda dalmar haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a 2010, sun san illar guba in ta shiga ƙasa.

Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyara. Ya kamata Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Zamfara ta ware wa ɗaliban jihar gurabe a can.