Gori Ba Ya Maganin Ƙanjamau

'Yan uwa, akwai maganar da muke kauce mata a majalisa, sai dai in za a yi shewa da dariya, wato batun maza masu neman maza da cutar ƙanjamau. Ba hukunci na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake son mu duba shi ne ɓarnar da gorinmu yake haifarwa.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV. A tsakanin waɗannan maza kuwa, binciken gwamnati na 2014 ya samu kusan kashi 23. Kuma bayan dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, wani bincike a Abuja ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38.

To, ku dubi lungunan talakawa na Kano ko Kaduna, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyali goma, mai kemis maƙwabci ne, ma'aikacin asibiti abokin yayanka. Wa zai shiga layin gwaji alhali ya san kafin magariba labari ya kai teburin mai shayi? Sai ya ɓuya. Da yawansu kuma suna da aure, ko ana shirin yi musu. Ƙwayar da ba a gano ba sai ta kai ga matar da ba ta ji ba ba ta gani ba, daga ita ta kai ga jariri.

Alhali gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, minti ashirin an ga sakamako. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba zai sa wa matarsa ba. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, amma mai tsoron tonon asiri takardar bogi zai nema.

Addininmu ya hore mu da suturta asirin mutane da duba marar lafiya. Don haka mu kame bakinmu, mu fara yin gwajin da kanmu, domin a daina ɗaukar zuwa gwaji a matsayin amsa laifi. Wanda ya ba ka amanar sirrinsa, raka shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.