KADA GARKA TA MUTU DA SHIGOWAR BAZARA

Kowace shekara da zarar sanyi ya sauka a watan Nuwamba, sai ka ga ƙasarmu ta yi kore shar, tun daga bakin kogin Isa a Yamai har zuwa fadamun Korama a jihar Damagaram. Salati, shu, karoti, tumati da albasa, ko'ina ka duba ga su. A watan Janairu da Fabrairu kasuwa kan cika maƙil, har wani lokaci mai tumati ya rasa mai saye, ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. To, amma a koma waɗannan wurare a ƙarshen Afrilu. Yawancin garake sun bushe, darni ya faɗi, awaki na yawo cikin fangali, mai garka ya rataye bokitinsa yana jiran damana. A lokacin nan ne kayan miya kan yi tsada, a lokacin nan ne kuma tukunyar talaka kan koma kuka da busasshiyar kuɓewa safe da dare.

Ra'ayinmu shi ne, wannan giɓi na watanni uku, Maris da Afrilu da Mayu, ƙaramar garka ta cikin gida ce za ta iya cike shi, kuma lokaci ya yi da magidanta da mahukunta za su ɗauke ta da muhimmanci kamar yadda suka ɗauki manyan wuraren noman rani.

Mu fara da faɗar gaskiya game da noman rani. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su sauka fadamu da bakin tabkuna, aka gina rijiyoyi, aka raba iri, aka ceci rayuka masu yawa. Albarkar wannan aiki tana nan har yau. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodibuwa, zogalen Jiratawa kusa da Maraɗi yana cika kasuwanni, tabkin Tabalak da na Madarunfa suna ciyar da dubban iyalai. Sai dai akwai wani abu da muka gada tare da wannan alheri: mun saba ganin garka abar sanyi ce, kuma mun saba ganin kayan garka su ne irin da ake sayowa cikin gwangwani ko ƴar takarda daga waje. Su kuwa waɗannan iri ba su jure zafinmu. Idan zafi ya haura digiri 35, furen tumati kan zube bai ɗaura ɗa ba. Salati kan yi tsiri ya yi ɗaci. A Tawa ko Ƙonni ko Yamai kuwa, zafin Afrilu kan wuce digiri 40 da rana. Mutum ya gwada sau ɗaya, ya yi asara, sai ya yanke hukunci cewa ba a garka a bazara.

Alhali kuwa kakanninmu sun bar mana shuke-shuken da ba su tsoron rana. Ga alayyaho, wanda ake fara yanka mako uku zuwa huɗu bayan shuka, kuma in an yanke shi sama da gindi sai ya sake tohowa. Ga rama da yakuwa da lalo. Ga kuɓewa, wadda kan fara ba da ƴaƴa cikin wata biyu. Ga ganyen wake da ganyen dankali. Ga kuma zogale, wanda in ya kama ƙasa sai ya yi shekaru yana ba da ganye, muddin ana sare kansa don ya yi rassa. Duk waɗannan irinsu na hannunmu, ba sai an je kanti ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Me ya sa muke matsa wannan magana? Saboda lafiyar yara da mata. Bazara ita ce ƙofar lokacin da rumbu kan yi ƙasa, kuma a cikinta ne shanu kan rame, nono ya yi wuya. Yaron da ya shiga damana jikinsa ba ƙarfi, shi ne zazzaɓi da zawo kan fi kayarwa. Ma'aikatan gidan likita sun daɗe suna gaya mana cewa dundumi, wato rashin gani da magariba, yana zuwa ne daga ƙarancin bitamin A a jiki, kuma ganye mai duhun kore yana cikin abincin da ke ba da shi, musamman in an dafa shi da ɗan mai ko an kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Haka nan wannan ganye yana taimakon mace mai ciki da mai goyo wajen ƙarin jini. Dambun zogale ko miyar alayyaho sau uku a mako ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da nama ba ya shiga sai ranar suna ko ranar salla.

Mun san abin da za a ce mana, kuma magana ce mai nauyi: ina ruwa? A bazara rijiyoyi kan ja baya, tabkuna kan ƙafe, mata kan yi sammako su yi dogon layi. A birni kuwa ruwan pampo kuɗi ne, na ga-ruwa ma kuɗi ne. Ba mu musun wannan. Akwai ƙauyuka a Damargu da arewacin Dakoro inda rijiya ke da zurfin gaba talatin ko fiye, sai da dabba ake jan guga. A can, ruwan sha na mutane da bisashe shi ne farko, ba wanda zai ce a zuba shi a ƙasa. To, amma mu yi lissafi ga sauran wurare, tun da yaƙi da jahilci ya koya mana lissafi. A tsananin zafi, fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana bukatar ruwa wajen lita 8 zuwa 10 a yini. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ke nan ba zai wuce lita 20 ba, wato bai kai cikin jarka ɗaya mai lita 25 ba. Yanzu kowane magidanci ya tambayi kansa: lita nawa ake zubarwa a tsakar gidansa daga asuba zuwa lisha?

Ruwan alwala kaɗai abin dubawa ne. Sau biyar a yini, kowane baligi na gida yana karkata buta, ruwan ya bi ƙasa ya tafi. Da an shuka zogale biyu ko uku a gefen wurin alwala, an ja musu ƴar hanya, da sun rayu ba tare da an ɗebo musu ko da ludayi ɗaya ba. Ga ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye, ga na ɗauraye kwanoni. Tsari dai a bar wa awaki, rabonsu ne. Ruwan da za a kiyaye shi ne mai omo da yawa, don yana ƙona shuka yana lalata ƙasa, da kuma ruwan makewayi ko na wankin kayan jariri, wanda bai kamata ya kusanci abin da za a ci ba ko kaɗan.

Sauran aikin dabara ce ta tattalin ruwa. A zaɓi wuri a gabashin katanga ko ɗaki, inda shuka za ta sami ranar safe, inuwa ta rufe ta bayan azahar. In babu irin wannan wuri, a kafa ƴar rumfa ta kara, a yi ta shara-shara yadda haske zai ratsa. A haƙa fangali zurfin santimita 30, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A bar fangalin ya ɗan yi ƙasa da tsakar gida don ruwa ya zauna. Irin alayyaho ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da rairayi kafin a watsa. Idan shuka ta tashi, a rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a barbaɗa toka saboda gara. Ban ruwa kuwa da sassafe ne da kuma bayan la'asar sakaliya. Wanda ya ba da ruwa da tsakar rana ya yi wa rana hidima.

Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, irin wanda maginan tukwane na Mirriya da sauran garuruwa ke yi, a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali ta jikin tulun, daidai inda saiwa take. Wanda gidansa haya ne, ko tsakar gidansa siminti ce, yana iya cika tsohon buhu ko fasasshen baho da ƙasa da taki ya shuka a ciki. Maganin awaki da kaji darni ne mai ƙarfi, kuma a fara kafa shi tun kafin a zuba iri. Maganin ƙwari kuwa yana bakin titi: a daka ƴaƴan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da marece. Kada a sayi maganin feshin da ba a san asalinsa ba a fesa wa ganyen da yara za su ci jibi.

Yanzu sai mu juya ga mahukunta da ma'aikata. A rahoton ƙarshen shekara akan ƙidaya eka nawa aka noma da tan nawa aka girbe, amma da wuya ka ji an ƙidaya gida nawa ne ke da fangali a bayan ɗaki, don kuwa abin da ba ya shiga kasuwa ba ya shiga takarda. Muna roƙon malaman gona kada su naɗe tabarmar aiki da zarar an cire albasa. A tanadi irin alayyaho da kuɓewa da zogale cikin ƙananan ƙulli masu araha a watan Maris, kamar yadda ake tanadin irin shu da karoti a watan Oktoba. A shiga ƙungiyoyin mata, domin garkar gida a hannunsu take, kuma su ne suka san abin da tukunya ta rasa. Malaman yaƙi da jahilci su mai da awon fangali da lissafin lita darasi a aji. Garkar lakkal, wadda ta saba bushewa da zuwan zafi, a rage girmanta a sauya mata iri, yara su gani da idonsu. Kowane gidan likita na ƙauye ya kamata a ce yana da zogale a harabarsa, yadda in an ce wa uwa ta ba ɗanta ganye, za a nuna mata itacen a tsaye.

Ga magidanta kuma kalma ɗaya. Kada a ɗora wa mata wannan aiki a kan daka da ɗebo ruwa da itace, sannan a koma gindin bishiya ana hira. Haƙar fangali, kawo taki da kafa darni aikin maigida ne da samarin gida, kuma bazara ce lokacin da hannunsu ya fi sakewa kafin sharar gona ta kankama.

Wanda ya fara a wannan mako, kafin wata ya zagayo zai ci miyar alayyahon gidansa. Kuɓewar da ya shuka za ta riga ta kowa shiga tukunya, zogalensa kuma ruwan farko zai tarar da shi ya riga ya kafu. Kada a manta a bar gindi biyu ko uku su ƙosa, a ajiye irinsu cikin toka a ƙaramin gora, a kuma ɗiba wa maƙwabci.

Allah ya kai mu damana lafiya, ya sa ta yi albarka. Amin.