A Yi wa Tambarin Turaren Bulumkutu Rajista

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun, wannan magana taku ce, domin ku ne ke sayar da turaren wuta da humrar da matan Bulumkutu ke haɗawa, tun daga Agege har Sabo. Ran da wani ya kwaikwayi tambarin kwalbar ya ɗura gurɓataccen kaya, sunan mai shi ne zai ɓaci, cinikinku kuma ya mutu.

Da yawa sun ɗauka takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta wadatar. Ina! Wannan ta sunan kasuwanci ce kurum. Tambari yana da ofishinsa daban a Abuja, bisa dokar 1965. Lauya zai bincika ko wani ya riga ka, ya shigar da takardu, a buga a mujallar ofishin, a saurara wata 2 ko akwai mai ja. Rajistar farko shekara 7 ce, kowace sabuntawa shekara 14.

Na sani kuɗin lauya da ciwo. Amma wanda bai yi rajista ba, tilas ya gamsar da kotu cewa jama'a sun san kayansa da wannan tambari, ga shaidu, ga zirga-zirga, alhali mai kwaikwayon yana can yana ciniki.