Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Ranka ya daɗe, Cigarin Misau,

Daga Anguwan Rukuba nake rubuto maka, nan cikin Jos, inda wata tsohuwar mota mai lasifika a ka take tsayawa bakin titi da hantsi tana tallar ruwan magani a gora. Basir, shawara, hawan jini, duk gora ɗaya. Jama'a na saye suna kwankwaɗa, kuma daga mai sayarwa har mai sha babu wanda zai iya gaya maka abin da ruwan nan yake yi wa zuciya.

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke karatun haɗa magunguna, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani ɗan faranti ne na roba da ruwa ja-ja a ciki, ga wata 'yar yana kamar ta saman kunu tana motsi ita kaɗai, dif, dif, dif. Ya ce, "Kawu, naman zuciyar mutum ne, daga fata aka samo shi." Sai da na yi a'uziyya kafin na zauna ya yi mini bayani.

Kai likita ne, ka riga ni sani, amma bari in faɗa saboda masu karatu. A 2007 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mai da ƙwayar halittar fatar baligi baya, ta koma kamar sabuwa, daga nan a bi da ita ta zama ta zuciya. Aikin ya ba shi lambar Nobel a 2012. Ba a taɓa ɗan tayi, ba a yanka kowa. Guntun fata ko ɗan jini ya wadatar, kuma batun ɗan tayin shi ne abin da malamanmu da fastocinmu za su fara tambaya. Sai a ɗiga magani a farantin a zuba ido: bugun ya daidaita, ya rikice, ko ya tsaya.

Da ɓeraye aka saba gwaji, alhali zuciyar ɓera na bugawa kusan sau 600 a minti, tamu 60 zuwa 100. 'Yan zamanina sun tuna Halfan, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa kallon na masu kuɗi a kemis. Sai a 1993 likitoci suka bayyana cewa yana jirkita bugun zuciya, har ya kai ga mutuwar fuju'a, bayan an daɗe ana sha. A Disambar 2022 Amurka ta gyara dokarta, gwaji a kan dabba ya daina zama dole kafin a kai ga mutum.

Abin da ya hana ni barci shi ne yawancin ƙwayoyin da ake wannan aiki da su na Turawa ne, ga shi kuwa muna da ciwon da ya fi kama mu. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yadda zuciyar mai jego take kumbura ta gaza, kusan mace ɗaya cikin ɗari, suka zargi wankan jego da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya gano alaƙarsa da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki. Maƙwabciyata haka ta tafi, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar, ko arba'in ba ta yi ba. Zuciyar irinta ya kamata a raina a farantin nan.

Kayan aikin kuwa ba su yi nisa ba. Cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ƙarƙashin Dokta Mahmoud Bukar Maina, ta riga ta samar da irin waɗannan ƙwayoyi daga fatar ɗan Najeriya. Jami'ar Jos na da cibiyar binciken magungunan itatuwa, asibitin koyarwa na Lamingo na da likitocin zuciya, Vom kuma tun 1924 ake aikin ɗakin gwaji a can. Roƙona ka haɗa su wuri ɗaya, ka sa NAFDAC a ciki, ka ware musu kuɗi a kasafi. Ka fara da wuta: ƙwayoyin nan sai a ɗumin jiki, digiri 37, dare da rana, ɗaukewar wuta ta kwana guda na iya cinye aikin wata uku.

Na yarda farantin ba mutum ba ne. Ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ƙwayoyinsa ma sun fi kama da na jariri. Rariya ce kawai, ta tare mugun magani kafin ya shiga jikin ɗan wani. Kuma duk wanda za a ɗebi jininsa a yi masa bayani da harshensa, ya yarda da bakinsa, domin mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, mu ma haka.

Na sayi gora ɗaya daga mai lasifika, tana nan a kan kabad ban buɗe ba. Ranar da aka kunna ɗakin gwajin, ni da kaina zan hau Keke Napep in kai musu.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Anguwan Rukuba, Jos