Sharhi: Me Uba Ke Saya A Ƙaramar Jami'ar Kuɗi?

Sharhinmu na yau zai duba ƙananan jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fi sani da jami'o'in kuɗi, da tambayar da ke hana iyaye barci duk lokacin da sakamakon JAMB ya fito: shin abin da ake samu a can ya kai kuɗin da ake zubawa?

A 1999 ne gwamnatin tarayya ta ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, dukkansu a kudu. Yau sun haura 140. Arewa ma ta samu rabonta: ga Al-Qalam a Katsina tun 2005, ga Jami'ar Amurka da ke Yola, sannan jihar Kano ta samu Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila a 'yan shekarun nan. Ɗalibai kusan miliyan biyu ke zana JAMB a shekara, guraben jami'o'in gwamnati kuwa ba sa isa. To amma me uba ke saya idan ya kai ɗansa can? A ganinmu abu biyu ne: lokaci, da takardar da hukuma ta amince da ita. Dukkansu kuwa ba sa shiga hannu sai ranar kammalawa. Don haka ba a kuɗin shekarar farko ake auna araha ko tsada ba, sai a kan ko gidan zai iya kai yaron ƙarshe.

Batun lokaci ba wasa ba ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata 17 ke nan ɗaliban jami'o'in tarayya suna zaune a gida, alhali yajin aikin bai shafi takwarorinsu na jami'o'in kuɗi ba. Jinkiri irin wannan yana cin kuɗin haya, yana tura wasu su haura shekara 30 da ke hana shiga bautar ƙasa, yana kuma sa a yi wa budurwa aure karatu na rataye. Digirin shekara huɗu da ake gamawa a shekara huɗu yana da daraja ta gaske, kuma wanda ya biya kuɗi dominsa bai yi wauta ba.

Sai dai a duba yadda ƙaramar jami'a ke rayuwa. Asusun TETFund da ke gina ɗakunan karatu, yana tura malamai ƙaro ilimi, na makarantun gwamnati ne kaɗai. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 shi ma haka. Albashin malamai da man janareta da kayan ɗakin gwaji, kusan duka daga aljihun iyaye suke fitowa. Ɗakin gwaji kuwa kuɗinsa ɗaya ne, ko ɗalibai 30 ke shigarsa ko 300, saboda haka ƙarancin ɗalibai yana nufin nauyin kowane uba ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi tsada, makarantar da ba ta da wata hanyar samu ba ta da zaɓi sai ƙarin kuɗi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Mu ƙaddara makaranta na karɓar miliyan ɗaya a shekara: ko ma'aikacin bai ci ba bai sha ba, albashinsa bai biya ba, balle a zo ga ɗakin kwana da abinci da kuɗin mota. Ƙarshen lissafin da bai cika ba a ƙofar ɗakin jarrabawa ake ganinsa, inda ɗalibin aji uku ke tsaye da biro a hannu ba katin shiga, mahaifinsa kuma na ofishin kuɗi da rasit ɗin rabin biya yana roƙon a ɗaga masa ƙafa.

Wani zai ce ai ilimi ba ya tsada, shi ne gadon da ya fi gona. Gaskiya ne, amma rabin digiri ba gado ba ne. Wanda ya sayar da fili ya biya shekara biyu sannan ya gaza, ya rasa filin, yaron bai samu takarda ba, makaranta na iya riƙe sakamakonsa sai an biya bashi, ga ƙanne biyar na jiran nasu karatun. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Wani kuma zai ce ƙaramin aji ya fi, malami ya san kowa da sunansa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, musamman idan aka tuna ɗakunan da ɗalibai ke leƙen darasi ta taga. Amma a tambaya, wane malami? Da yawa daga ƙananan jami'o'in nan da malaman aro suke tafiya, waɗanda ke zuwa daga jami'ar gwamnati ta kusa su ɗura darasin wata guda a kwana biyu. Sannan lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC kwas-kwas take tantancewa, kuma likitanci da lauya da injiniya kowanne yana da majalisarsa da sai ta sa hannu. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Waɗanda suka bi arahar can sun ga yadda takardar da hukuma ba ta yarda da ita ba ke komawa mafi tsada.

Akwai kuma masu cewa jami'o'in kuɗi kasuwanci ne kawai, a yi watsi da su. Wannan ya yi tsauri. Jami'o'in tarayya ma da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023, kuma iyayen da yaƙin Yukren da na Sudan ya dawo musu da 'ya'ya gida sun san amfanin samun gurbi kusa. Abin da ake buƙata shi ne a yi cinikin a fili. Ya kamata NUC ta wajabta wa kowace jami'a ta rubuta wa uba jimillar kuɗin karatu har zuwa kammalawa, da iyakar ƙarin da za ta iya yi, gwamnati kuma ta duba buɗe bashin NELFUND ga kwasa-kwasan da aka tantance a waɗannan makarantu. Kafin nan, kada uba ya biya ko kwabo sai ya ga shaidar amincewa da kwas ɗin, ya san malamai nawa ne na dindindin, ya kuma tabbatar samunsa zai ɗauki kuɗin aji huɗu ko da an ƙara. Idan lissafin bai fita ba, jami'ar jiha ko kwalejin kimiyya da fasaha ba abin kunya ba ce.