A Koya Wa 'Yan Koyon Sana'a Gina Shafin Intanet

Ranar 1 ga Yuni, 1 ga watan da ba za a manta da shi ba a zangunan Ikko, shekarar 2022, Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, da Lagos Island da Lagos Mainland. A watan Satumba na shekarar ta ƙara huɗu, har da Mushin da Oshodi-Isolo. Samarin Arewa masu yawa sun wayi gari ba abin yi. Waɗansu suka koma gida, waɗansu suka shiga dako da gadi da tura baro, waɗansu kuwa iyayensu da iyayen gidansu suka kai su koyon aikin hannu: wayarin na lantarki, walda, gyaran janareta, haɗa sola, aikin famfo. Waɗannan na ƙarshe su ne suka yi dace, kuma saboda su ne ya kamata a yi magana a kan wani fanni da har yanzu ake ɗauka na 'yan boko ne kaɗai, watau gina shafin intanet.

Da yawa daga cikin dattawan Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, in aka ce yaro yana koyon intanet, abin da ke faɗo musu a rai shi ne damfara, ko kuwa zaman banza da waya a hannu. Ba a ga laifinsu ba, don sun ga misalai. Amma asalin abin ya saɓa wa wannan. Shafin intanet masu aikin injiniya ne suka ƙago shi don biyan bukatar aikinsu. A watan Maris na 1989 wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, ya rubuta wa shugabanninsa takarda. Kukansa shi ne ma'aikata suna zuwa suna tafiya, kowa ya tafi sai ya tafi da abin da ya sani, na baya su rasa inda bayanin injuna yake. Ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai a shafuka masu haɗe da juna, yadda kowa zai iya buɗewa daga kwamfutarsa. A 1991 aka buɗe abin ga jama'a, a 30 ga Afrilu 1993 kuma CERN ta sake shi kyauta ga duniya.

Duk wanda ya san garejin makanikai zai gane wannan kuka. Maigida ya shekara talatin yana aiki, ilminsa duk yana cikin kansa. Ran da ya rasu ko ya koma Arewa, sai yaransa su zauna da spana a hannu, ba takarda, ba lissafi, ba tarihin injin ko ɗaya da aka taɓa gyarawa.

To, mene ne ake nufi da gina shafi? Abu uku ne ginshiƙinsa. Akwai HTML, wanda da shi ake tsara abin da ke cikin shafin: kan magana, jadawali, gurbin da mutum zai rubuta lamba. Akwai CSS, mai kula da fasali da launi da yadda shafin zai zauna daidai a fuskar ƙaramar waya. Sa'an nan akwai JavaScript, wanda aka fitar a 1995, shi ne mai yin lissafi da amsa umurni. Na farko da na biyu yaro mai iya karatu zai kama su cikin 'yan makonni. Na uku shi ne mai ɗaukar lokaci, shi ne kuma inda amfanin yake ga mai aikin hannu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, koyon waɗannan ba ya bukatar a sayi wata manhaja mai tsada. Tsohuwar kwamfuta ta hannu irin wadda ake sayarwa a kasuwar Computer Village ta Ikeja ta isa, kuma ana iya rubuta shafi a gwada shi ko da babu data.

A ɗauki mai haɗa sola. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin mai ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, masu shaguna da masu gidaje suka juya ga hasken rana. Aiki ya samu, amma ɓarna ma ta samu, don yawancin masu haɗawa da ka suke ƙiyasi. Ga misali mai sauƙi. Mai shago yana da ƙwan fitila huɗu, kowanne wat 10, da fanka ɗaya mai wat 60. Jimla wat 100 ke nan. In yana so su yi awa 10 suna aiki, yana bukatar wat-awa 1,000. Babban batirin nan da ake kira mai ɗari biyu, amfiya-awa 200 ne a kan bolt 12, watau wat-awa 2,400. Amma batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saboda haka 1,200 ne na amfani. In aka cire abin da inbata ke ci a hanya, batir ɗaya da ƙyar zai kai mai shagon nan asuba. Ran da ya jona firiza, shi ke nan, bayan 'yan watanni batir ya mutu, sai rigima ta tashi: mai shago ya ce an cuce shi, yaro ya rantse kaya ne jabu, a ƙare a gaban Sarkin Hausawa ko a ofishin 'yan sanda.

Wannan lissafi duka ana iya zuba shi a shafi guda. Yaro ya buɗe wayarsa a gaban mai shago, ya shigar da yawan kaya da awoyi, shafin ya fitar da yawan batir da faranti da kaurin waya. Mai shago ya gani da idonsa, a tura masa kwafi, a yi ciniki a kan abin da ke rubuce. Wanda ya gina shafin da hannunsa kuwa, tilas ya fahimci lissafin tukuna, don kwamfuta ba ta karɓar "kamar haka dai". A nan ne babbar fa'idar take, wadda malaman sana'a ya kamata su lura da ita: yaron da ke barci in ana koyar da dokar Ohm a allo, zai farka in aka ce ya sa wayarsa ta yi lissafin.

Haka abin yake ga birkila. Bulo mai inci 9 kusan guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya, saboda haka katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 za ta ci bulo wajen 300 kafin a cire gurbin ƙofa da taga. Mai walda yana da nasa lissafin na tsawon ƙarfe da nauyinsa, mai famfo yana da na tanki da bututu.

Akwai mataki na gaba wanda ya fi wannan nisa. Injunan zamani da yawa ba su da maɓallai sosai a jikinsu. Ta shafi ake shiga a saita su. Na'urar rarraba intanet ta gida haka take, kyamarorin tsaro haka suke, inbatocin sola da yawa haka suke ba da rahoton wutar da suka samu da wadda aka ci. Har wa yau akwai wani ɗan allo mai suna ESP32, wanda kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016, bai kai akwatin ashana biyu girma ba. In aka haɗa shi da na'urar auna zafi, zai iya fitar da shafi na kansa wanda waya za ta buɗe ta ga zafin ɗakin sanyi a kowane lokaci. Duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir da tattasai da suka sha tafiyar kwana biyu daga Kano suna ruɓewa a kasuwar Mile 12, ko kifi da nama sun lalace don janareta ya mutu da tsakar dare mai gadi yana barci, ya san kuɗin da irin wannan ɗan aiki zai tsare. Haka kuma za a iya sa shi ya duba cikar tankin rijiyar burtsatse ya kashe famfo. Wanda zai yi wannan aiki dole ya san waya da fis da haɗarin wuta, ya kuma san rubuta shafi. Mai digirin kwamfuta yawanci bai san na farko ba, tsohon mai wayarin bai san na biyu ba. Gurbin nan a buɗe yake.

Sai dai akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa an taɓa yin irin wannan ɗoki. Da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare. A wurare da yawa ba lantarki, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san kansu, suka zauna cikin akwatuna har tsatsa ta ci su ko ɓarayi suka kwashe. Wannan gaskiya ne, kuma darasinsa a fili yake: malami ake fara tanada kafin kaya. Makarantar da ta sayi kwamfuta hamsin ba ta horar da malamin lantarkinta ko ɗaya ba, ta sake maimaita 1982 ne kawai. Gara kwamfuta biyar da faranti biyu na sola da malami ɗaya da ya iya.

Na biyu suna cewa tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'ura tana rubuta shafi da kanta cikin daƙiƙa, to me ya rage wa ɗan koyo? Lalle wanda bai iya kome ba sai ƙawata shafi, kasuwarsa ta yi sanyi, kuma duk mai karɓar kuɗin iyaye yana yi musu alkawarin yaro zai riƙa cin dala bayan wata uku, a yi hattara da shi. Amma na'urar nan takan yi kuskure ba tare da ta nuna alama ba. In ta ba da kaurin waya da bai isa ba, waya ta yi zafi, shago ya kama wuta, ba ita za a kama ba. Mai sana'ar da ya san aikinsa, ya kuma iya karanta abin da na'urar ta rubuta, shi ne zai ga kuskuren. A gare shi ma sauƙi ya ƙaru.

Na uku shi ne mafi ɗaci, don ya shafi 'yan Arewa kai tsaye. Yaran da ke sauka daga tirela a Ikko da Fatakwal da Anaca, da yawansu ba su gama firamare ba. Umurnin da ake rubutawa a HTML da JavaScript kalmomin Ingilishi ne, ko da yake ba su da yawa, kuma lissafin yana son sau da rabawa da ɗigo. Ba yadda za a yi tsalle a kan wannan. Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne yaron da ya haddace izu da yawa a allo ba zai gagara riƙe kalmomi hamsin ba, kuma abin da mai ciniki zai gani a fuskar shafin ana iya rubuta shi da Hausa tsantsa, har da ƙ da ɗ da ɓ, ko da Yarbanci, ko da duka biyu. Amma ajin yaƙi da jahilci na dare shi ne matakin farko, kuma ba wanda zai buɗe shi a zango in ba mutanen zango ba.

Ta fuskar hukuma, ƙofofi suna nan. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 take da hedkwata a Kaduna, ta raba babbar difloma ta ilmin kwamfuta gida huɗu a farkon 2024, ɗaya daga ciki shi ne gina manhaja da shafukan intanet. Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da niyyar horar da mutum miliyan uku. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, yana aiki tun 1971, hukumar NABTEB ta Binin kuma tana shirya jarrabawar sana'a tun bayan kafa ta a 1992. Aibin tsarin shi ne an killace wannan ilmi a sashen kwamfuta. Ɗalibin lantarki ko na gini yakan gama karatunsa bai taɓa rubuta layi ɗaya ba. Abin da ya dace shi ne a sa shi cikin darasin sana'ar kanta: kafin a ba ɗalibin wayarin takarda, ya nuna allon da ya haɗa, ya kuma nuna shafin da ke lissafin nauyin wutar allon.

Jihar Legas tana da kwalejojin fasaha na gwamnati guda biyar, a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba. Agidingbi ba ta da nisa da Agege, Ikorodu kuma hanya ɗaya ce daga Mile 12. Ya kamata majalisun Sarakunan Hausawa su aika wakilai su tambayi sharuɗɗan shiga da lokacin sayar da fom, su sanar a masallatai ranar Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na fataken shanu da na 'yan canji, waɗanda ke tara kuɗin ƙungiya kullum, ba za su gaza hayar ɗaki ɗaya da biyan malami ɗaya na dare ba. Akwai 'ya'yan zango da aka haifa a Kudu, suka yi difloma a Yaba ko Badun, suna jin Hausa da Yarbanci da Ingilishi, waɗansunsu suna zaune ba aiki. Daga cikinsu za a ɗauki malamin. Masu gidan sana'a kuma su saki yaransu awa biyu bayan Magariba, sau uku a mako, a rubuta wannan cikin yarjejeniyar koyo tun ranar da aka kawo yaro, a gaban shaidu, don kada maigida ya ce aiki ya yi yawa ran da aji ya fara.