Yatsan da Ke Nuna Ƙetare

Ranar 30 ga Maris, 1982, dubban ma'aikata suka fantsama titunan Buenos Aires suna la'antar gwamnatin sojan Ajantina. Farashin kaya ya ninka cikin shekara guda, ga dubban mutanen da jami'an tsaro suka sace, babu su babu labarinsu. 'Yan sanda suka tarbe su da kulki da barkonon tsohuwa.

Bayan kwana uku, Janar Leopoldo Galtieri ya tura dakaru suka mamaye tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya. Nan da nan dandalin Plaza de Mayo ya cika maƙil da masu yi masa tafi. Yunwa tana nan inda take, amma an samar wa jama'a wanda za su tsana.

Ba mu ce Ajantina ba ta da hujja ba, rigimar tsibiran ta faro tun 1833. Tambayarmu ita ce: me ya sa sai da kujera ta fara girgiza aka ɗauki bindiga? Mai mulkin da ya gaza yana buƙatar maƙiyi daga waje, domin duk wanda ya tambaye shi lissafi sai a kira shi ɗan koren baƙi.

Sojojin Ajantina 649 suka mutu, da yawansu samari ne da aka tilasta wa aikin soja. Ranar 14 ga Yuni dakarun suka miƙa wuya, bayan 'yan kwanaki Galtieri ya sauka.

Mu talakawa, 'ya'yanmu ake turawa. Duk ranar da shugaba ya miƙa yatsa ƙetare, mu fara tambayarsa kuɗin kwanon masara.